Dokar Katanga a Littafin Kawu

Ɗana ne ya fara tsokanata, wata ranar Juma'a, muna zaune a ƙasa za mu ci abinci a gidanmu na unguwar Kurayyat a Jidda. Mun dawo daga masallaci, uwarsu ta ajiye farantin shinkafa da kaza, shi kuwa ko hannu bai wanke ba ya miƙo mini wayarsa, wai in ga lissafin bugunsa na bana. Besbol yake bugawa a wata ƙungiya ta ƙarshen mako, shi da Filifinawa da wasu 'yan gari da suka yi karatu a waje, wayar nan kuma ita take rubuta musu komai. Na duba na ce ba laifi. Sai na ƙara abin da na saba ƙarawa, cewa da a zamaninmu ne ya zo filinmu, sai dai ya riƙa ɗauko mana ruwa.

"Abuya," in ji shi da Larabci, don Hausa jin ta kawai yake yi, bakinsa ba ya son ɗaukarta, "tun ina ƙarami kake faɗa mana haka. To ina shaida?"

Ga wanda bai san wasan ba, ba shi da wuyar ganewa. Mutum ɗaya yana jefo wata ƙaramar ƙwallo mai tauri, kai kuma kana tsaye da sanda ka make ta. Idan masu tsaron fili ba su cafe ta a sama ba, kuma ka riga ta isa tasha ta farko a guje, sai a rubuta maka bugu ɗaya. Idan ba haka ba ka fita, abin da mu muke cewa barra. Wanda kuwa ya haurar da ita can bayan iyakar fili ya yi bugun da ya fi kowanne daraja, sai ya zagaye tashoshin duka a tsanake ana tafa masa. A ƙarshen shekara a raba yawan bugun mutum da yawan tsayuwarsa, abin da ya fito shi ne matsayinsa. Wasa ne marar tausayi, wanda ya ci uku cikin goma ma gwani ake ce masa.

Tambayar yaron ta soke ni. Na tashi na bar abincin, na shiga ɗaki na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Uwarsu tana cewa, "Malam, shinkafa za ta huce," ko waiwaye ban yi ba. A can ƙasan akwatin, ƙarƙashin tsofaffin iƙamomi, wato takardun izinin zama, da hotunan biki, na zaro littafin Kawu.

A Jidda aka haife ni. Kakana ya zo aikin hajji da ƙafa, ya zauna, zaman da har yau muke ci gaba da yi. Ina da shekara ashirin da 'yan kai na samu aikin tuƙa motar ma'aikata a wani kamfanin gine-gine, lokacin da ake haƙa garin nan ta kowace kusurwa. Injiniyoyin kamfanin Amurkawa ne, kuma kowace Juma'a bayan la'asar suna wannan wasa a wani fegi da ke bayan gidajen ma'aikata. Wata rana mutum ɗaya ya yi musu ƙaranci, suka tashe ni ina gyangyaɗi a mota, suka danƙa mini sanda. Ban san ko ta ina ake riƙe ta ba. Jifa ta biyu na haɗu da ƙwallon, ta tafi har na daina ganinta, na tsaya ina kallo suna ta yi mini ihu in ruga. Tun daga ranar wasan ya shiga jinina.

Da kwangilarsu ta ƙare suka tafi, sun bar mana buhun kaya: sanduna biyu, safofin hannu na fata, da ƙwallayen da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Muka ci gaba da kanmu. Direbobi ne da makanikai, da wani mai walda ɗan Yaman, da masu dafa abinci Filifinawa, da mu 'ya'yan Hausawa. Muka rabu gida biyu, 'yan gareji da 'yan kicin, muka yi shekaru muna karawa. Kawu shi ne mai kula da siton kamfani, Bahaushen Sudan, gajere mai furfura a gemu. Ba kawuna ba ne na jini, duk filin haka muke kiransa. Bai taɓa riƙe sanda ba, amma wani injiniya ya koya masa yadda ake rubuta wasan, ya kuwa riƙe abin kamar amana. Yana zaune a kan bokiti, da littafi a cinya da biro a bayan kunne, ba jifar da za ta wuce bai rubuta ba. Ranar da zai koma Sudan gaba ɗaya ni ya bar wa littafin.

Shi na ajiye a gaban ɗana, ina huci. Na ce ga shaida.

Ya goge hannu, ya buɗe. Ya yi ta juya shafi yana danna waya, ni kuma na harɗe hannuwa ina jiran ya ba ni haƙuri. Ban taɓa tara lissafin nan da kaina ba, ban ga dalili ba, tunda kowa a filin ya san ni. Da ya gama sai ya juyo mini da wayar. Lambata tana ƙasa da tasa, kuma ba da ɗan kaɗan ba. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa tsoho idan ya ce ya taɓa kokawa da kura.

"Halas, Abuya, ma'alesh," ya ce, wato shi ke nan, in yi haƙuri, yana dafa kafaɗata. "Kun yi ƙoƙari a zamaninku."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ni ban gina gida ba, ba ni da fili, ko zaman garin da aka haife ni sai an sabunta mini takarda. Abin da nake da shi na nuna wa yaron nan guda ɗaya ne, cewa ubansa ya taɓa iya wani abu fiye da duk wanda ke kusa da shi. Yanzu ga shi da hannuna na kawo takardar da ta mayar da ni mai cika baki a idonsa. Na ji kunya, na ji haushi, shinkafar ma ta fita daga raina.

Yayarsa ce ta miƙa hannu ta ɗauke littafin. Ita malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, tana aure a unguwar Sharafiyya, Juma'a-Juma'a take zuwa mana. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Mamana nake ce mata, kuma ta gaji tsohuwar har da rashin son hayaniya.

"Ba haka ake auna mutum biyu da ba su taɓa tsayawa a fili ɗaya ba," ta ce wa ƙanenta. "Kai ka iya danna waya ne kawai. Baba, ba ni mako biyu."

Mako biyun nan na yi su ina fushi da kowa. Uwarsu ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin an yi zaman makoki saboda ƙwallo ba sai a kaina. Mamana kuma ta dame ni da waya, tana tambayoyi kamar mai binciken ɓarawo. Wane irin fili ne? Na ce tsakuwa ce da ƙasa mai gishiri, in ka faɗi sai ka bar fatarka a wurin. Wace irin sanda? Na ce ta itace, ɗaya ta tsage muka buga mata ƙusa muka naɗe da salatif. Ƙwallayen fa? Nan na yi mata dogon bayani. Duk Jidda a lokacin ba mu san kantin da ake sayar da su ba, mun zaga Sharafiyya shago-shago ana kallonmu kamar mahaukata. Idan ɗinkin ɗaya ya farke sai Kawu ya kai ta wurin wani baduku a kasuwar Bab Makka ya sake ɗinke ta. Bayan ɗinki na uku ƙwallo ta zama kamar kwanannen burodi, ka make ta da duk ƙarfinka ta tafi a gajiye.

Ta tambaye ni nisan da ke tsakanin mai jifa da mai bugu. Na ce Kawu ne yake aunawa da taku, yadda injiniyan ya ƙidaya masa. Sai ta ce, "Injiniyan dogo ne?" Na ce kansa yana taɓa saman ƙofa. "Kawu kuma gajere?" Sai na fashe da dariya ni kaɗai a tsakar ɗaki. Shekara da shekaru ashe mai jifa yana tsaye a kan hancinmu, ba wanda ya lura, muna ta zagin juna da rashin ido.

Juma'ar da ta yi alkawari ta zo da takardu, ta shimfiɗa su bayan an kwashe kwanuka. Ta fara da duk abin da na faɗa mata, na fili da sanda da takun Kawu. Ina ta gyaɗa kai, ina hararar ɗana ta gefen ido. Shi kuwa bai bar ta ta kai ƙarshe ba.

"Tayyib, amma su wa suke jefa musu? Direbobin da suka yi mako suna tuƙi. Namu masu jifar atisaye suke yi, suna kallon bidiyo. Filin tsakuwa kuma mai bugu yake taimaka, ƙwallo ta yi tsalle ta kauce wa mai cafka. In mai jifa ya matso kusa, ai tasha ma ta matso, tunda da ƙafa ɗaya aka auna su."

Na buɗe baki zan yi masa tsawa, Mamana ta ce yana da gaskiya. Na ji kamar in kore su duka biyun. Ta ce shi ya sa ba za ta ce filin wane ya fi wuya ba, don wannan gardama ce da ba ta ƙarewa. Abin da ta yi shi ne ta tara lissafin kowa da kowa a littafin Kawu, ta fitar da matsakaicin mutum na zamaninmu. Ta karɓi na ƙungiyar ƙanenta daga wayarsa ta yi haka. A zamaninmu lambar kowa ƙasa take, a nasu ta kowa sama take. Tambayar da ta dace, in ji ta, ita ce da nawa kowannenmu ya tsere wa mutanen da suka sha rana ɗaya da shi, suka fuskanci masu jifa iri ɗaya. Da aka auna haka, tazarar da na ba mutanena da wadda ya ba nasa kusan ɗaya suke.

"Ya'ani kunnen doki," in ji ɗana, ya ɗan saki fuska. Ya ga ya tsira da mutuncinsa, ni ma ya bar mini nawa.

Ni ban gamsu ba. Ban yi mako biyu ina ƙin abinci don a ce mun yi kunnen doki ba. Amma kafin in yi magana Mamana ta jawo littafin ta buɗe shafukan farko.

"Baba, akwai abin da ban gane ba. Wurare da yawa Kawu ya rubuta ka fita, sai ya yi ɗan zagaye a gefe. Wasu ma suna da shi jefi-jefi, amma kai naka ya fi na kowa nesa ba kusa ba. Mene ne zagayen?"

Na ce ai dokar katanga ce. Suka kalle ni. Na manta ban taɓa faɗa musu ba, don a wurina abu ne da kowa ya sani. A ƙarshen filinmu akwai doguwar katanga, bayanta kuma yadin wani kamfani ne da ake ajiye wayoyin lantarki na tagulla, da mai gadi a ƙofa. Ƙwallon da ta haura can, ko dai ta ɓata a cikin kaya ko a yi rabin awa ana roƙo kafin a samo ta. Mu kuwa ƙwallayenmu ƙidayayyu ne. Sai muka kafa doka, duk wanda ya haurar da ƙwallo katanga ya fita. Zagayen Kawu alama ce ta cewa ƙwallo ta tafi yadi, don ya san wadda za a nemo.

Ɗana ya miƙe zaune sosai. "Dakata, Abuya. Ka haurar da ita waje, a rubuta maka barra?"

"Barra," na ce.

Ya jawo littafin ya fara ƙirga zagayen da yatsa. Ya juya shafi, ya ci gaba, ya sake juyawa. Ina kallon bakinsa yana motsi. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya rufe ni tun daga kai har ƙafa, na gyara zama na sa a ƙaro mini shayi. Mamana ta ce idan aka mayar da zagayen nan bugu, yadda ake lissafa su a ko'ina, shekaruna na farko sun wuce duk abin da ke cikin wayar ƙanenta.

"Sai dai ga wani abu," ta ce, ta buɗe tsakiyar littafin. "Daga wannan shafin zagayenka ya ɗauke ɗif. Ba raguwa ya yi a hankali ba, yankewa ya yi rana ɗaya, har ƙarshen littafin babu ko guda. Ciwo ka ji?"

Na ajiye kofin shayin. Na san shafin tun kafin in duba. Rubutun rabinsa na ƙasa ba hannun Kawu ba ne, na mai waldan nan ne ɗan Yaman.

Ban taɓa ba kowa labarin ba, har uwarsu, ko da yake da ita a ciki. Lokacin ana maganar aurenmu, sai yayyenta biyu suka zo filin su ga irin mutumin da ƙanwarsu za ta aura. Na san doka sarai. Na san ƙwallo ɗaya ce mai kyau ta rage mana. Amma ina da ƙuruciya da girman kai, kuma a lokacin fita da zagaye ta fi mini bugu goma na ƙasa daɗi, don kowa sai ya ɗaga kai ya bi ta da kallo. Jifar farko na ɗaga ta sama da gangan. Ta haura katangar da tazara mai yawa, yayyen suka riƙe baki, na dawo ina taku ɗai-ɗai kamar na ci yaƙi.

Kawu ne kullum yake zuwa karɓo ƙwallo. Ya hana mu, samari, kusantar yadin, ya ce baƙin saurayi a cikin tagullar mutane sunansa ɓarawo ko me ya je yi, shi kuwa da furfurarsa ana jin maganarsa. Tsohon mai gadin sun saba, har shayi suke sha tare. Ashe an canza shi a makon nan, sabon ya ce bai san zancen ba, ya rufe ƙofa. Kawu ya dawo ya dube mu, mutum kusan ashirin a tsaye, Juma'ar nan kaɗai muke da ita a mako. Ya ajiye littafin a kan bokiti, ya zagaya ta baya, ya taka tsohuwar taya ya haura.

Aka kama shi a ciki da ƙwallon a hannu. Aka karɓe iƙamarsa, aka tafi da shi. Kwana biyu ya yi a tsare kafin kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardar zama, ya je ya yi magana, shi ma kafilin sai da ya rantse in an ƙara zai sa a mayar da shi ƙasarsu. Mutum ne mai 'ya'ya mata shida, duk a Jidda aka haife su, ba su san kowa a Sudan ba. A kwana biyun nan na kai wa iyalinsa cefane, matarsa ta yi mini godiya ta labule, ba ta san ni ne sanadi ba. Ban taɓa jin na raina kaina kamar ranar ba.

Juma'ar da ta biyo ya dawo ya zauna a kan bokitinsa. Ko kallon banza bai yi mini ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙwallon ya miƙa wa mai jifa. Har da ita aka sako shi, ya ƙi barinta.

Ni kuma na koma bayan gareji da ƙwallon tsumma, kullum bayan an tashi aiki. Na koya wa hannuna juyawa ƙasa a daidai lokacin da sanda ta haɗu da ƙwallo, yadda za ta bi ƙasa da gudu maimakon ta tashi. Na koyi duba inda masu tsaro suka tsaya in saka ta a tsakaninsu. Watanni na yi ina fita ba daraja, ana cewa aure ya karya ni. Ba wanda yake riƙe baki don ƙwallo ta bi ƙasa. Amma daga baya sai ya zama in na tsaya, masu tsaro su yi ta matsawa hagu da dama, duk inda suka bari nan za ta bi. Ranar da Kawu zai tafi, shekaru bayan haka, da ya miƙo mini littafin abin da ya ce kawai shi ne, "Na ga ka daina. Allah ya yi maka albarka."

Na gama na rufe littafin. Uwarsu ce ta fara magana, ta ce yayyenta sun dawo gida ranar suna cewa ta samu miji mai ƙarfi, ba su ce mai hankali ba. Muka yi 'yar dariya. Mamana ta ɗauki biro ta tambaya ko ta mayar da zagayen bugu a lissafin ƙarshe.

Na ce a'a, ta bar su yadda Kawu ya rubuta. Doka ce, na san ta, na karya ta, na fita. Idan za ta auna ni, ta auna ni daga shafin da zagaye ya ƙare.

"Na riga na yi," ta ce, ta zaro takarda ta ƙarshe. Daga shafin nan zuwa ƙarshen littafi babu wanda ya ko kusanto ni a filin, tazarar kuma ta fi wadda ƙanenta ya ba mutanensa. Ta tura masa takardar. Ya daɗe yana kallonta, bai ce kunnen doki ba, bai ce ma'alesh ba. Ya tashi ya kai kofunan shayi kicin, abin da ban taɓa ganin ya yi ba sai an yi masa magana sau uku.

Washegari Asabar da la'asar ya tsaya a ƙofar ɗakina da makullin mota. "Yalla, Abuya, sa takalmi." Ya kai ni filinsu a arewacin gari. Ciyawar roba ce shimfiɗe lumui, an ja layuka da farin fenti, ga shinge na waya can nesa. Sandunansu na ƙarfe ne marasa nauyi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani babban bokiti cike da ƙwallaye sababbi, an ajiye shi a gefe ba mai ko kallonsa. Na ɗauki ɗaya na juya ta a hannu, ɗinkinta ja bai taɓa ganin baduku ba.

Ya gaya wa abokansa ko ni wane ne, ya yi musu bayani da Turanci yana nuna shinge, na ga suna zaro ido. Sannan ya ba ni sanda.

"Nan ba wanda zai haura katanga," ya ce. "Bayan shingen fili ne kawai, ga ƙwallaye bokiti guda. Fitar da ita, Abuya. Ina so in gani."

Ya sa safarsa ya je ya tsaya cikin masu tsaro. Wani Bafilifine ya fito zai jefa mini, yana murmushi irin na wanda aka ce ya lallaɓa tsoho. Wallahi na so in fitar da ita. Shekara kusan arba'in ina ɗauke da wannan kwaɗayi. Jifar farko na kai mata duka da duk abin da ya rage a kafaɗuna, na sami iska, gwiwata ta yi ƙara. Ta biyu na sake nufin sama, idona a kan shinge. Amma da sanda ta haɗu da ƙwallo sai hannuna ya juya ƙasa da kansa, bai nemi shawarata ba. Ta bi ciyawa da gudu ta ratsa tsakanin ɗana da na kusa da shi, ba wanda ya ko sunkuya.

Ya matsa ya toshe wurin. Ta uku na saka ta inda ya baro. Ya koma, na mayar da ita ta ɗaya gefen, ya yi tsalle ya faɗi a kan cikinsa, ta wuce ƙarƙashin safarsa. Mai jifar ya daina murmushi ya fara jifa ta gaske. Ban ƙirga ba, kuma ba mai rubutawa, amma na san ko ɗaya ba ta tashi sama da gwiwar mutum ba, kuma ko ɗaya ba su tare ba kafin numfashina ya ƙare na dogara da sandar.

Ɗana ya taho yana kakkaɓe riga. Ya cire safar ya tsaya a gabana, yana ta motsa baki kamar mai neman abu a aljihu. Da Hausa maganar ta fito, a karkace, da harshen Larabawa a kanta.

"Baba, ka koya mini wannan."

Sai da na juya na kalli bokitin ƙwallayen na ɗan lokaci, don kada abokansa su ga idona. Sannan na ce ya miƙo hannu. Na danƙa masa sandar, na kama wuyan hannunsa na juya shi ƙasa yadda na juya nawa a bayan gareji, na ce masa abu na farko ya daina kallon katanga.